Ɗigo Biyu a Gindin Faranti

"Kwali uku, Mak," in ji Rosmawati, tana ɗaga wa uwarta yatsu uku kamar mai koya wa yaro ƙirga. "Ɗaya na kayan sawa, ɗaya na magani da Alƙur'ani da hotuna, ɗaya kuma ki zuba abin da ranki yake so. Ɗakin da na gyara miki ko tabarma biyu ba zai ci ba."

Mak Embun ta dube ta sheƙeƙe. "Kwali uku? Ke Wati, cokulana kaɗai sun fi ƙarfin kwali uku."

Kuma ba ƙari ta yi ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na Kubang Sena, nan tsakiyar fadamun shinkafar jihar Kedah, ya ci abinci a farantin Mak Embun, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara arba'in da shida ba a yi biki ko suna ko zaman makoki ba sai an aika gidanta aron kaya. Ta fara ne da faranti goma sha biyu da uwarta ta kawo ta da su ɗakin miji. Duk girbi sai ta ƙara wasu, mijinta marigayi Pak Darus yana mita tana yi masa kunnen uwar shegu, har kabad huɗu suka cika maƙil. A ƙarƙashin gidan kuwa, tsakanin ginshiƙan katako, ga manyan tukwane kife a jere waɗanda ɗaya za ta dafe rabin saniya.

Mu nan kowace mace tana da alamarta ta fenti a gindin kayanta, don in an gama hidima kowa ta gane nata. Matar liman zobe kore take yi. Sepiah, maƙwabciyar Mak Embun ta tsallaken rafi, layi ɗaya rawaya. Mak Embun kuwa ɗigo biyu ne ja, manya, masu tudu, don ba ta yarda da fentin da zai goge ba. Washegarin biki mata kan zauna bakin rijiya suna wanke-wanke, mai ɗauraya ta kifa faranti ta yi kira, "Zobe kore!" ko "Ɗigo biyu!" Mak Embun tana bisa kujera 'yar tsugunno tana ƙirga nata da ido. Hannunta a sake yake, wannan kam ba mai musu, ba ta taɓa hana kowa aro ba. Amma bakinta, Allah ya kiyaye! Ki fasa mata kofi ɗaya, sai kin ji tarihin kakanninki.

A tsawon shekarun nan sau ɗaya kayanta ya taɓa ɓata, kuma a bikin ita wannan Wati ɗin ne, shekara goma sha tara da suka wuce. Wani babban farantin tangaran ne mai zanen kifi shuɗi a tsakiya, gadon kakarta, wanda ba a fito da shi sai don shinkafar amarya, mai danƙon nan da ake rinawa da kurkum. Washegari aka wanke kaya kaf, ba farantin kifi. Wata ta ce ai Sepiah ta gani riƙe da shi a ƙarshe. Mak Embun, kwana uku ba barcin kirki, ta miƙe a gaban mata sun fi talatin ta ce, "To Piah, in sha'awarsa kike yi ai sai ki roƙa. Ba sai kin naɗe shi a zani ba."

Sepiah aminiyarta ce fa, tare suka haifi 'ya'yan fari, ko gishiri ya ƙare wa ɗaya gidan ɗayar ake zuwa. Ba ta ce uffan ba. Ta tsallaka gida, ta kwaso duk abin da ta mallaka na kwano da faranti, ta kikkifa su a tsakar gida kowa ya ga layi rawaya. Aka duba, ba ɗigo biyu ko ɗaya. Mak Embun ta taɓe baki ta ce mai ɗauka ai ya san inda zai ɓoye. Daga ranar Sepiah ba ta sake taka gidan ba. Mutane ba su fito fili sun kira ta ɓarauniya ba, amma in ta zo taya aikin biki sai a tura ta yankan albasa, nesa da kayan tangaran. Da ta gane, ta daina zuwa.

Yanzu ga Mak Embun da shekara saba'in da huɗu da ƙugu mai ƙarfe a ciki. Da damina ta zame daga matakalar gidan ta karye, shi ya sa Wati ta kafe sai ta koma wurinta birnin Shah Alam, a bene hawa na goma sha huɗu. Ɗan ƙanin Pak Darus zai shiga gidan. An tsara komai: ranar Juma'a bayan la'asar matan ƙauye za su zo a karanta Yasin, kowacce ta ɗauki abin da take so, saura a kai masallacin unguwa. Asabar da safe a kama hanya.

Tun Lahadi ake abu ɗaya. Wati ta ɗaga kaya ta ce, "A bayar ko a zubar?" Mak Embun ta kai hannu ta riƙe.

"Ajiye min wannan."

"Mak, gwangwanin biskit ne fa, ba komai a ciki."

"To ai shi ya sa yake da amfani, za a sa wani abu."

"Guda ashirin da shida na ƙirga!"

"Wa ya sa ki ƙirga? Ke da ko ludayin kirki ba ki da shi a gidanki, kullum abincin leda."

Fitsarar baki kawai take yi, amma tsoro ne fal cikinta. In ba faranti, ba tukwane, wa zai sake sallama yana nemanta? Ko yanzu ma masu dafa abincin biki daga birnin Alor Setar sun kashe aron kaya, suna zuwa da farantan roba su tafi da abinsu. A can sama kuwa, a cikin mutanen da ba su san ɗigo biyu ba, tsohuwa ce kawai mai sanda.

Ranar Laraba da hantsi Wati ta shiga gari neman ƙarin buhunan shara. Mak Embun ta ja kujera gaban wani tsohon akwatin katako da ke bayan gado, na gidajen sauro, wanda ba a buɗe ba tun da aka sa wa tagogi raga. Ta ce bari ta rage wa yarinyar aiki. Ta zaro gidan sauro na farko, na biyu, na uku, duk sun yi ja sun ruɓe. A can ƙasa hannunta ya taɓa wani abu mai faɗi, mai sanyi, naɗe a zani.

Ta zaro shi. Zanin nata ne, mai ruwan ƙasa da furen kabewa. Ƙullin ma nata ne, ƙulli biyu da baki ɗaya a soke, ba mai yin irinsa sai ita. Ta kwance. Kifi shuɗi ya dube ta da idonsa ɗaya. Ta kifa shi, ga ɗigo biyu ja, ko ƙwarzane ba su yi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Na shiga uku."

Nan take abin ya dawo mata tar. Amarya ta gama cin shinkafa, yara suna guje-guje a cikin ɗaki, Sepiah, da ke kiran ta Kak, wato yaya, ta miƙo mata farantin ta ce, "Kak Embun, ɗauke wannan kafin su fasa." Ita da hannunta ta goge shi, ta naɗe, ta cusa ƙarƙashin gidajen sauro, aka ƙwala mata kira naman miya ya kama, ta fita a guje. Shi ke nan. Shekara goma sha tara baiwar Allah tana ɗauke da sunan sata, abin yana kwance taku biyu daga inda mai shi take ɗora kai.

Kada ku zaci tunanin zuwa ba da haƙuri ne ya fara zo mata. Ina! Abin da ya fara zo mata shi ne yadda za ta ɓatar da shi. Ta sa shi cikin kayan rabo? Duk macen da ta haura arba'in a ƙauyen nan ta san farantin kifi. Ta tafi da shi? Wati tana duba kowane kwali, kuma a bikinta aka yi abin. Ta bar shi a akwatin? Matar ɗan ƙanin mijinta za ta buɗe, ita kuwa rediyo ce mai ƙafa. Ta jefa a rafi? An rage ruwa saboda girbi, ko gwiwa bai kai ba, gobe wani zai tsinto. Har ta ɗauko taɓarya ta ɗaga, sai ta tuna hannun kakarta yana shafa gefen farantin nan, ta ajiye. Kaya sun fi ɗari huɗu a gidan kowanne ta samo masa wurin zuwa, wannan ɗaya ya gagara. Da ta ji ƙarar motar Wati ta tura shi ƙarƙashin katifa ta hau ta zauna.

"Mak, lafiya? Kin yi fari fat."

"Ƙura ce. Ki bar ni."

Ranar ko loma uku ba ta yi ba. Wati ta ɗaga gwangwani ta ce a bayar ko a zubar, ta ce a zubar. Ta ɗaga tukunyar tagulla, ta ce a zubar. Wannan ya fi komai tayar wa yarinyar da hankali, har ta ɗauko abin awon jini.

Akwai wata ƙofa da shaiɗan ya buɗe mata, kuma ta daɗe tana leƙa ta. Mu nan in mutum zai yi tafiya mai nisa yakan tsaya gaban jama'a ya ce a yafe masa tun daga gashin kai har tafin ƙafa, a halatta masa abin da ya ci da abin da ya sha. Kowa ya ce ya yafe, a rungumi juna a yi kuka. To ranar Juma'a ta faɗi haka mana, ai Sepiah ma tana cikin jama'a ko ba ta zo ba. Amma duk sanda ta kai nan a tunani sai ta ji tudun farantin a ƙarƙashin katifa. In ta hau motar nan ranar Asabar ba ta faɗa ba, ta san ba za ta taɓa faɗa ba, da shi za a sa ta a ƙasa.

Alhamis bayan azahar, Wati ta kishingiɗa, Mak Embun ta sa farantin a jakar kasuwa ta sauka matakala da baya-baya. Gidan Sepiah ba nisa, gadar katako ce kawai tsakani, amma sau biyu tana juyawa. A tsakiyar gadar ta tsaya tana kallon ruwa, har wani mai babur ya tambaye ta ko jiri take ji. Ta ce ya kama gabansa.

Sepiah tana zaune a baranda tana tsinke ganyen rogo da laluben hannu, don ciwon suga ya cinye mata ido, sai inuwa-inuwa take gani. Mak Embun ta yi sallama, muryarta ta fito 'yar siririya.

Hannun Sepiah ya tsaya. Ta amsa sallamar, ta ce, "Wannan kamar muryar Kak Embun. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Piah."

"To me aka nema aka rasa?"

Mak Embun ta haɗiye wannan, don ta san ita ta jawo. Ta hau da ƙyar, ta zauna a ƙasa duk da ƙugun, ta kwance zanin ta ɗora farantin a cinyar Sepiah. Sepiah ta shafa gefensa a hankali, ta zagaya, ta kifa shi. Yatsanta ya sami ɗigo na farko, ya sami na biyu, ya tsaya a nan.

"A ina?"

"A akwatin gidan sauro. Ni na sa shi. Ke kika miƙo min, ni na naɗe. Piah, wallahi mantawa na yi, jiya na..."

"Na faɗa miki a ranar ko ban faɗa ba?"

"Ba ki ce komai ba."

"Da na ce, za ki ji?"

Mak Embun ta fashe da kuka, irin na tsofaffi mai tari a ciki. Ta kama ƙafar Sepiah tana cewa ta yafe mata don Allah don Annabi. Sepiah ta janye ƙafarta, ta mayar da farantin cikin zanin ta tura mata.

"A nan kika faɗi waccan maganar? Daga ni sai ke da kaji? Ɗauki abinki. Inda kika zubar da ni, nan za ki je ki kwashe ni."

Mak Embun ta dawo gida da farantin, ya ƙara mata nauyi. Abin da take gudu ke nan tun farko. Ita da ta yi shekara arba'in tana gyara wa mata zama, ita za ta tsaya gabansu ta ce ta yi wa mutum ƙazafi? A ce abin da za a riƙa tunawa da ita ke nan bayan ta tafi? Har wayewar garin Juma'a ba ta san me za ta yi ba. Ko Wati ba ta faɗa wa ba.

Bayan la'asar gida ya cika. An jera faranti da kofuna da kwanuka a kan tabarmi tun daga ɗaki har baranda, mata suna karatu suna satar kallon abin da za su ɗauka. Ana tsakiyar Yasin sai ga Sepiah a bakin ƙofa, surukarta tana riƙe da hannunta. Karatun ya ɗan sarƙe kafin ya miƙe. Ta zauna can gefe kusa da takalma.

Da aka shafa, matar liman ta ce Mak Embun ta yi wa jama'a bankwana. Ta dogara sanda ta miƙe. Ta ce a yafe mata daga gashin kai har tafin ƙafa, a halatta mata ci da sha. Ɗaki ya ɗauka, "Mun yafe, Mak Embun, mu ma ki yafe mana." Wasu har sun fara miƙewa za su rungume ta. Ga ƙofa nan a buɗe, ta zauna kawai a wuce wurin. Ta dubi gefen takalma. Bakin Sepiah a rufe yake gam.

"Ku dakata," ta ce. "Wati, ɗaga katifata ki kawo abin da ke ƙasa."

Da aka kwance zanin, tsofaffin ciki suka sa salati. Wati ta dafe ƙirji ta ce, "Mak!" Yaran matan kuwa suna ta raba ido, ba su san me ake ciki ba. Mak Embun ta ɗaga farantin ta kifa shi yadda ake yi a bakin rijiya.

"Ɗigo biyu. A akwatina na same shi, ni na ɓoye da hannuna na manta. Piah ba ta taɓa ɗaukar min ko cokali ba. Ƙarya na yi mata, a gabanku na yi, ga shi a gabanku na janye. Wadda ta ji ta faɗa wa wadda ba ta zo ba."

Can Sepiah ta ce, ba da ƙarfi ba, "Mutum nawa ne a nan cikin waɗanda suke bakin rijiya ran nan?"

Aka dubi juna. Matar liman ta ƙirga a hankali ta ce bakwai.

"Bakwai. Sauran suna maƙabartar bayan masallaci a kwance. Uwar mijina har ta rasu in na fito daga kicin ɗinta sai ta ƙirga cokula. Ita wa zai je ya faɗa mata, Kak Embun?"

Sepiah ta miƙa hannu surukarta ta tashe ta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Miƙo min farantin. Shekara goma sha tara ina shan zagi a kansa, bari in ci shinkafa a cikinsa ko sau ɗaya." Aka ba ta, ta rungume shi ta fita. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Aka yi rabon kaya sukuku, kowa tana ɗauka tana jin kunya, kafin magariba kabad huɗu sun zama wayam.

Asabar da safe aka sa kwali a mota. Biyu ne ma suka cika, na ukun Mak Embun ta ce ba abin da ranta yake so. Ta zauna gidan gaba, idonta a kan gadar katako. Wati ta duba taya, ta kulle gida, ta miƙa wa ɗan ƙanin Pak Darus makulli, ta tayar da mota. Ba kowa a kan gadar.

"Mu ɗan jira," in ji Mak Embun.

"Mak, rana tana yi, hanya da nisa."

"Na ce ki jira!"

Sun kai minti goma a haka. Wati ta sa giya ke nan sai ga su, surukar a gaba, Sepiah a baya tana laluben katako da ƙafa, ɗauke da wani abu rufe da ganyen ayaba. Ta iso jikin taga ta tura shi ciki. Ɗan ƙaramin faranti ne mai tsaga a gefe, da wainar kwakwa huɗu masu zafi a kai. Mak Embun ta sa yatsa a ƙarƙashi, ta ji tudun layi ɗaya.

"Mak Cik Piah," in ji Wati, yadda muke kiran goggo a nan, "bari in juye a leda in ba ki farantinki."

"Ke yi min shiru, ba da ke nake ba." Sepiah ta sunkuyo. "Kak Embun, aro ne, ba kyauta ba. Da salla ki dawo min da shi da ƙafarki, kuma kin san ba a mayar wa mutum faranti ba komai a ciki."

"Zan kawo, Piah. In ina da rai zan kawo."

"Ki yi ƙoƙari ki kasance da shi. Kuma in ya ɓace miki a can, ki fara duba ƙarƙashin gidan sauro kafin ki kira sunan 'yar mutane."

Mota ta tashi. Wati ta ce ta kawo farantin a sa a kwalin da ba komai kada ya fashe a hanya. Mak Embun ta ƙi. A cinyarta ta riƙe shi da hannu biyu har Shah Alam, duk ramin da mota ta faɗa sai ta yi salati ta ce wa Wati ta rage gudu, kayan mutane ne.